Issah Ya Daina Waiwaye

Issah yana da ƙafa, wannan duk unguwar Nima an sani. A atisaye ƙwallo sai inda ya ce ta je. Amma a ajiye masa fanareti gaban jama'a, wani ya yi ihu daga gefe, shi ke nan, sai ya ɗaga ta sama kamar mai jifan mangwaro. Ga shi kuwa mutanen wani kulob za su zo wasan ƙarshe su ɗauki mutum ɗaya, shekarun Issah kuma sun fara ja. In bana ta wuce shi, to ta wuce.

Kocinsu, Abdul-Mumin, tsohon gola mai ɗingishi, ya ce masa, "Ƙafarka lafiya lau. Kunnenka ne ya yi yawa."

Sai ya ɗauke shi daga fili ya kai shi bakin titi, inda yaran motocin haya na trotro ke ta ƙwala kiran fasinja. Ya zana raga da gawayi a jikin bango, ya tara samarin unguwa, ya ce su zage shi. Kai, sun kuwa zage shi! Da Hausa, da Twi, da Ga, har da yaren da su ma ba su iya ba. Dokar Koci guda ce: ja numfashi, saki, kalli ƙwallo, kada ka waiwaya.

Da zagi ya daina cin Issah, sai Koci ya koma ƙarya. "Issah, gidanku ya kama da wuta!" Ya waiwaya, aka sake daga farko. "Issah, Mma ta faɗi!" Wannan ce ta fi ba shi wuya, don mahaifiyarsa, Mma Abibatu mai koko, tana fama da hawan jini. Ya daɗe yana waiwaya wa wannan. Wata rana dai bai waiwaya ba, Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce yanzu ya zama ɗan ƙwallo.

Ranar wasa aka tashi canjaras, aka tafi fanareti, bugun ƙarshe ya faɗo kan Issah. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Sai ga murya daga bayan igiyar da ta tare 'yan kallo: "Yaya Issah! Mma ta faɗi! Tana kiran ka!"

Ba Koci ba ne. Mubarika ce, ƙanwarsa. Ya gane muryar sarai, kada wani ya ce bai ji ba. Maganar ce ta shiga ta zauna inda zagi yake zama, ba ta taɓa komai ba. Ya ja numfashi, ya saki, ya kalli ƙwallo.

Ta shiga raga. Aka ɗaga shi sama, aka zagaya fili da shi, mutanen kulob suka ba shi hannu suka ce shi suke so. Ya tsaya ana ɗaukar hoto. Sai da Mubarika ta kutsa cikin maza, ba mayafi ba takalmi, ta finciki rigarsa, sannan ya bi ta.

Tun daga lungu ya hango takalman mata jibge a ƙofar ɗaki. An ce Mma ta yi ta kiran sunansa har murya ta ɗauke.

Bai yi kuka ba. Ya so ya yi, wallahi ya so, ya nema a ƙirjinsa bai sami komai ba. A wurin zaman makoki dattawa suna ta yaba masa, wai dubi haƙurin yaron nan, Allah Ya ba shi dangana. Koci ya ɗingiso ya zauna kusa da shi a kan benci, ya kasa haɗa ido da shi.

"Koci," in ji Issah, "ka koya mini rufewa. Yaya ake buɗewa?"

Koci ya sunkuyar da kai.

Daga cikin gida Mubarika ta leƙo, idanu a kumbure, ta kira shi a hankali. "Yaya Issah." Ta sake kira. Issah ya ja numfashi, ya saki, yana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunsa.