Abin da Auta Ya Mallaka

Tun ranar da Auta ya kawo yarinyar nan gaisuwa Mama ta tsane ta. Ba wani laifi ta yi ba fa. Nas ce a asibitin yara, ta durƙusa ta gaida Mama yadda ya kamata. Sai dai da ta miƙe idonta ya sauka kan injinan wanki da ke jere a shago, ta ce, "Kai, manya ne." Shi ke nan ta ja wa kanta. A wajen Mama wannan kallo na mai shirin rabon gado ne. Shagon wanki da gugar nan ita ta kafa shi da dutsen guga ɗaya bayan rasuwar mijinta, kuma wata mai tsira wa yara allura ba za ta shigo da akwati ta fita da rabinsa ba.

Wata mai kawo wanki ce ta ba ta shawarar yarjejeniya kafin aure: a je gaban lauya, a rubuta abin da kowa ya shigo da shi, in an rabu kowa ya kama nasa. Mama ta riƙe maganar gam. Auta, ɗanta tilo, ya yi magiya har ya gaji.

"Ko ta sa hannu, ko ka nemi wata uwar ta yi maka auren," in ji Mama.

Ofishin lauyan yana saman wani kantin magani, ɗaki ne matsattse, fanka na ta juya zafi. Nas ta iso da kayan aikinta a jiki.

"Ina wuni, Mama?"

"Da ban wuni ba za ki gan ni?"

Lauya ya yi gyaran murya, ya ce a fara da amarya. Mama ta gyara zama, tana jiran ta ga hawaye ko fushi. Ina! Yarinyar ko gezau. Ta ce tana da fili a bayan gari da ƙaramar mota, a rubuta.

"Tsarin ya yi mini, Mama," ta ce. "Ni ma ba na son a wayi gari filina ya zama na dangin miji."

Mama ta ja tsaki. Ji 'yar banza, har tana da bakin magana.

Lauya ya juya kan ango. Auta bai buɗe baki ba uwarsa ta amsa masa, kamar yadda ta saba.

"Shago."

"Rajistar da sunan wa take?"

"Da sunana mana."

"Injinan fa?"

Nata ne. Motar kai kaya tata ce. Ɗakunan saman shago da za a sa amarya nata ne. Asusun banki ma hannunta kaɗai yake karɓa, ko man mota Auta zai sha sai ya zo ya tsaya mata. Lauya ya ajiye biro.

"To, Hajiya, ba a kare wa mutum abin da bai mallaka ba. Ɓangaren ango babu komai."

"Ashe ma ni ya kamata in ji tsoro," in ji Nas, tana kallon Mama ido cikin ido.

Mama ta ɗauko zagi har ya iso bakinta, sai ta ga fuskar ɗanta. Yana kallon farar takardar da ke ƙarƙashin sunansa. Tun da ya bar makaranta yake tsaye a kan tururin guga, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna, bai taɓa tambayar komai ba. Yau ita da kanta ta jawo shi inda baƙo ya faɗa masa a gaban matar da zai aura.

"Mama," ya ce a hankali, "ga lauya a zaune. Ki sa sunana a rabin shagon. Takardar nan za ta kare shi, ita ba za ta taɓa ko maɓalli ba. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Kalma ɗaya ce Mama za ta faɗa, ta san da haka. Amma da ta tuna sunan wani kusa da nata a kan rajista, ko da na ɗan cikinta ne, sai ta kau da kai.

"Gaggawar me kake yi? In na mutu ai naka ne."

Auta ya kalle ta, ya ce, "Ashe ba ita kike tsoro ba."

Ya jawo takardar, ya sa hannu a ƙarƙashin babu, ya miƙa wa Nas biron, ita ma ta sa. Suka miƙe tare.

"Ina za ka?" Muryar Mama ta tashi. "Gobe akwai zannuwan otal, wa zai goge su?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko juyo ba.

"Ki ɗauki ma'aikaci, Mama. Shi ko ba komai za ki ba shi albashi."