Ƙwayoyin Hammadu

Zubaida ta zazzage ledar a kan teburin Likita Agnes, ƙwayoyi suka watse, farare da ruwan ɗorawa. Ɗanta Hammadu, mai shekara ashirin da biyu, yana gefenta yana kallon fanka, hannunsa na karkarwa, yawu na ɗiga a rigarsa.

"Mama, wa ya ba ki wannan?" in ji Likita.

"Wani mai kemis ne a unguwarmu, Ƙofar Wambai. Ya ce na masu taɓin hankali ne. Shekara shida ban tsallake rana ɗaya ba."

Da alfahari ta faɗa, baiwar Allah. Ita fa yau ƙwayar da ta fi ƙarfi ta zo nema.

Likita ta ɗauki kusan awa guda tana gwada Hammadu da hotuna da ƙirge, sannan ta juyo kan uwar. Yaushe ya fara tafiya? Sai da ya shekara uku. Magana fa? Biyar. Ya taɓa hira da wanda ba ya wurin?

"Ko sau ɗaya. Karatu ne dai ya ƙi shiga. Yara suka ishe shi da tsokana, ya jefi ɗaya da dutse, shi ke nan unguwa ta ce ya haukace."

"Mama, ɗanki ba shi da taɓin hankali. Wancan ciwo ne da ke samun mutum, kuma ana ba shi magani. Shi kuwa tun haihuwa kansa ba ya ɗaukar abu da sauri. Ƙwaya ba ta gyara wannan. Koyarwa yake so, kaɗan-kaɗan, a yi ta maimaitawa."

"To karkarwar fa? Da yawun?"

Likita ta ce, "Maganin ne ya kawo su. Za mu janye shi sannu a hankali."

Zuciyar Zubaida ta yanke. Ta tuno Hammadu na da, sarkin dariya, mai bin ta kasuwa yana gaida kowa har da awaki. Ashe da hannunta ta yi shekara shida tana kashe wannan dariyar.

"Yanzu zai iya koyon wani abu?" ta tambaya da kyar.

"Sosai ma. Me kika taɓa zama kika koya masa har ya riƙe?"

Zubaida ta laluba a ranta, ta sake lalubawa. Tana cikin haka aka kira sallar azahar a masallacin asibitin. Hammadu ya sauke ido daga fanka, ya miƙa wa uwarsa tafin hannu, kamar yadda ta saba masa kullum.

"Dada," ya ce, "lokacin magani ya yi."