Ƙudajen da Ke Sauka a Fuskar Gabriel

Ebenezer yana tsakiyar cin ƙosai a ɗan shagonsa na bakin tashar Zuru saƙon ya shigo: kamfanin talla ya rufe masa asusu. Laifinsa, wai hannu ɗaya ne ke ta danna tallan, kuma wayar da ake dannawa da ita tasa ce.

Ya ture ƙosan gefe. Shafukan intanet ɗin da ya yi shekaru yana raino, na farashin hatsi a Bena da Danko, na ƙwallo, na hotunan bikin Uhola, duka lambar talla guda ya liƙa musu. Mai karatu ya danna talla, kamfani ya ɗiga masa ɗan abu. Da ɗigon nan yake ci, da shi yake biyan hayar shafukan. Yau ga tsintsiya ɗaya ta share su baki ɗaya. Shi da ko a mafarki bai taɓa danna tallansa ba, don ya san doka!

Ya rubuta musu magiya, har da rantsuwa. Kafin ya goge man ƙosai daga yatsunsa amsa ta dawo: an duba, hukunci ya tabbata. Wa ya duba? Na'ura ce, ba ta da kunne balle a roƙe ta, ba ta da ƙofa balle a kai mata dattijo.

Da ya bi sawun dannawar, sai ya gano tushenta. Duk daga shafin Gabriel take fitowa. Gabriel wansa ne, soja, wanda aka kawo labarinsa ba a kawo gawarsa ba. Ebenezer ya gina shafin ne don mahaifiyarsu Magdalene ta sami inda za ta riƙa zuwa, tunda babu kabari. Akwai hotonsa cikin kaki, akwai gaisuwar da abokan aikinsa ke bari. Ashe garin sauri ya kwafo tsarin sauran shafukan, lambar tallan ta biyo shi har can. Ita kuwa tsohuwar wayarsa da ya ba Mama, har yau da sunansa take.

Ya rufe shago da rana tsaka ya hau acaɓa.

Ya tarar da ita a gindin mangwaro, ta ture tiren dawar da take tsincewa gefe, wayar na bisa cinyarta. Rabon da ya ga fuskarta a sake haka tun kafin zuwan labarin.

"Ebenezer, zo ka gani! Yau ƙudajen nan ba su zo ba."

"Waɗanne ƙudaje, Mama?"

"Waɗanda ke sauka a fuskar wanka Gabriel mana. Kullum da safe ina buɗewa don mu gaisa, sai ka ga takalmi ya faɗo masa a goshi. Wata rana sabulu, wata rana har 'yan caca, Gabriel da ko karta bai iya ba! In kai musu duka da yatsa, su ja ni wani wuri, in dawo, wani ya sake sauka. Ni kuwa na ce ba a haifi wanda zai rufe mini fuskar ɗa ba."

Ya dubi yatsan. Kauri gare shi, fartanya ta gama da shi tuntuni. Ina wannan yatsa zai sami ɗan ƙaramin gicciyen da ake taɓawa talla ya kauce?

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kai da kake fama da aikinka? Ai na ce ba zan ƙara maka kaya ba. Ran da hannuna ya gaji, Rebecca maƙwabciyarmu ta taya ni, har matan zumunta na cocinmu suka karɓa bi da bi."

Maganar rufe asusun ta taso masa har baki. Ya so ya yi ihu, ya so ya yi kuka, amma wa zai kama? Ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Shi ya kai ƙudajen da hannunsa. Kuma hayar shafin Gabriel ƙarshen watan nan za ta ƙare, abin da ke biyan ta ya mutu da safiyar yau.

"Kai ka kore su, ko?" ta tambaya tana murmushi.

"Ke kika kore su, Mama."

Ta yi dariya har da tafa cinya. "Ka ji! Tsohuwa ma da ranarta."

Ta gyara zama, ta goge gilashin wayar da bakin zane, ta ɗora yatsa a kumatun Gabriel tana shafawa a hankali. Babu abin da ya sauka.

"Yanzu dai na huta," in ji ta. "Kullum in zo in same shi shi kaɗai."

Ebenezer ya jawo tiren dawar gabansa, ya sunkuyar da kai, ya shiga tsince tsakuwa.