Faɗuwar Dogo a Ajin Laraba

Shekara shida Dogo yana gadin makarantar koyon Turanci da ke saman wani shagon ɗinki, matarsa kuma tana share ta. Aji biyu ne da ofis ɗaya. Manya ne ke zuwa da yamma in sun tashi daga aiki: direbobi, nas-nas, masu shago, da masu neman aikin otal. Ita suna ce mata Inna. Shi kuwa Dogo kawai suke ce masa, har waɗanda ya isa ya haife su.

Mai makarantar, wanda kowa ke kira Malam, yana da wani darasi da yake ji da shi. Yakan ce Turanci ba a manyan kalmomi yake ba, yana cikin 'yan ƙananan nan da ake maƙala wa kalma a wutsiya. Kalma ɗaya ce, ka sa mata wannan ta zama tashi, ka sa mata wancan ta zama fita, ka canja mata wani ta zama haƙura. Ya ce allo ba ya iya koyar da su, sai ido ya gani. Shi ya sa duk ranar Laraba yake leƙawa ta taga ya ƙwala wa Dogo kira.

Dogo ya hawo bene, ya tsaya gaban aji kusa da wata kujerar roba. Malam ya ce si dawun, ya zauna. Ya ce sitan of, ya miƙe. Ya ce fik of, ya sunkuya ya ɗauki alli daga ƙasa. Ya ce get awut, ya fita yana waiwaye kamar an kore shi, aji ya fashe da dariya. Wani lokacin har faɗuwa ake sa shi yi.

Inna ba ta taɓa son abin ba. Ta sha gaya masa a gida cewa mai jika huɗu bai kamata ya zama biri a gaban 'ya'yan cikinsa ba. Sai ya yi dariya ya ce ai shi ma malami ne, jikinsa ne allonsa. In ta kawo masa abinci ya ce mata si dawun, ta ce in ya ƙara yi mata yaren Laraba a ɗakinta zai wuni da yunwa. A haka dai kalmomin nan huɗu suka zauna mata a kai ba da sonta ba.

Larabar da ya yi faɗuwar ƙarshe Inna ba ta nan, ta je wajen 'yarsu da ta haihu. Aka ce mata jiri ne ya ɗebe shi a wurin aiki. Ta same shi a asibiti baki ya karkace, ba ya magana. Kwana uku ya yi, ya cika.

Bayan wata biyar ta koma aiki, don ciki ba ya jira. A gaban aji, daidai ƙafar kujerar roba, ta tarar da wani tabo ya bushe a tsakanin tayil. Ta durƙusa ta kankare shi da buroshi tana tsaki, tana cewa mutane manya amma ba su san inda ake zubar da abu ba.

Wata Laraba ruwan famfo ya makara, sai ta kai har lokacin darasi tana goge baranda. Tana matse tsumma ta ji tari. Tarin Dogo ne, mai hawa biyu, wanda ta yi shekara talatin da ɗaya tana ji. Ta saki tsumman, ta leƙa ta ƙofa.

Ga shi nan a talabijin ɗin da ke bango, cikin shuɗiyar rigar da ta goge masa da hannunta. Ya zauna, ya miƙe, ya sunkuya. Da ya ɗago sai ya dafa kujera, kujerar ta zame, ya tafi ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur. Mutanen cikin talabijin suka yi dariya, sababbin ɗaliban da ke zaune ma suka yi. Malam ya tsayar da hoton, ya rubuta wani abu a allo, aji ya maimaita sau uku. Ya sake kunnawa. Mai ɗaukar hoton ya matso kusa. Dogo ya buɗe ido. Malam ya tsayar, ya rubuta, suka maimaita. Sannan Dogo ya yi amai a gaban rigarsa da kan tayil, daidai ƙafar kujera, aka tafa masa. Babu hannun da ya taɓa shi.

Inna ta kalli faratanta. Ta ruga bayi.

Da aka tashi ta sami Malam a ofis. Ya ba ta wuri, har ya tambaye ta ko za ta sha shayi. Ta ce a goge hoton. Ya gyara gilashi ya ce ba ta gane ba. Suma, farfaɗowa, amai, kalmomi uku masu wahala a cikin minti ɗaya, kuma duk wanda ya gani ba ya mantawa. Ko ɗan wasa aka ɗauko ba zai yi kamar haka ba.

"Inna, ki yi alfahari," ya ce. "Mijinki ya mutu amma har yanzu yana koyarwa. Lada yake samu."

Ta ce masa ladan ya riƙe abinsa. Sai fuskarsa ta canja. Ya ce in abin yana damunta ta daina kaiwa yamma ranar Laraba, kuma ta tuna akwai mata da yawa da ke zuwa neman shara.

Sati guda tana juya maganar. Sharar nan ita ce cinta, ita ce hayar ɗakinta. Amma duk sanda ta ɗauki buroshi sai ta ji warin abin da ta kankare, ko da hannun ya sha sabulu.

Laraba ta zagayo. Ta jira har ta ji tarin, sannan ta tura ƙofa ta shiga da bokitinta, ta ajiye, ta zauna a kan kujerar roba, ƙarƙashin talabijin. Wani direba ya ce yau Inna ce za ta yi musu wasan, aka fara dariya.

"Wannan mijina ne," ta ce. "Ba wasa yake ba. Mutuwa yake yi, kuna maimaitawa."

Malam ya ce ta fita su yi magana a ofis. Ba ta motsa ba. Wata nas da ke layin gaba ta ce a mayar da hoton baya. Malam ya ƙi, ta miƙe ta karɓi rimot daga kan tebur ta mayar da kanta. Ta tsayar daidai inda Dogo ya buɗe ido, ta matsa kusa ta duba bakinsa da hannunsa na dama da ya kwanta kamar ba nasa ba. Ta juyo ta tambayi Malam minti nawa aka yi kafin a kai shi asibiti.

Ya ce sun zaci cikin wasan ne, ai ya saba faɗuwa. Ta sake tambaya. Ya ce sun jingina shi da bango ya huta, suka ƙarasa darasi.

Inna ba ta san wannan ba sai yanzu. Ta riƙe gefen kujerar da hannu biyu.

Direban da ya yi ba'a ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce Malam ya ciro wayarsa da hoton ke ciki. Ba wanda ya ɗaga murya. Malam ya ciro, nas ɗin tana tsaye a kansa ya goge hoton, ta sa shi ya shiga inda gogaggun hotuna ke taruwa ya goge a can ma. Talabijin ya koma shuɗi.

Sannan ya juyo ga Inna, ya nuna ƙofa ya ce get awut, kuma kada ta dawo.

"Na ji," ta ce. "Wannan kalmar mijina ya koya mini ita."

Ta bar masa bokitin da ruwan dattin a gaban allo. A kan bene nas ɗin ta biyo ta, ta riƙo hannunta, ta ce Inna ta yafe mata, ita ma ta yi dariya wancan satin.

Inna ta ce ta sani, ai tana bakin ƙofa, ta ji muryarta. Ta zare hannunta, ta goge shi a jikin zaninta, ta sauka.