Damin Iri a Ɗakin Saudatu

Akwatin rediyon na Alhaji Maikuɗi ne, mai sayen gyaɗa, kuma a ƙofar gidansa ake kunna shi bayan la'asar. Katanga ɗaya ce tsakanin wurin da madafar Saudatu. Duk abin da mazan unguwa suka ji a kan tabarma, ita ma tana jin sa a gindin murhu, da 'yarta Ummi goye a baya.

A bazarar nan aka fara wani wasan kwaikwayo da aka ce daga littafin Turawa aka ɗauko shi. Labarin duniya ne bayan manyan ƙasashe sun jefi juna da bam ɗin nan mai cinye gari guda. Ana jin iska na kuka cikin akwatin, ana jin takun waɗanda suka rage suna yawo cikin toka. Samarin Azare dariya suke sha, suna kwaikwayon muryoyin. Surukin Saudatu kuwa, Malam Hammadu, tsohon sojan da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, ba ya dariya.

Ran da aka zo wurin da wuta ta cinye wani birni, bai jira ƙarshe ba. Ya taso ya shigo gida, ya tsaya a kan matarsa.

"Ya Gana, gobe a sauko da damin nan na madafa. A daka gumba a raba sadaka."

"Malam, iri ne fa."

"Na sani. Shi ne mafi kyau cikin abin da muka mallaka, shi ya sa."

"A kan wasan rediyo? Yara ne fa a Kaduna suke buga kwano suna hura baki."

"Ban ce ba wasa ba ne. Amma bam ɗin ba wasa ba ne. Muna can aka jefa shi, na ga fuskokin hafsoshinmu ran da labarin ya iso. Yanzu an ce kowa yana ƙera nasa. Wa zai ci geron baɗi? Gara mu roƙi sauƙi da shi."

Saudatu ta ɗaga kai ta dubi damin a rataye saman hayaƙi. Ita ta zaɓe shi da kaka, zangarniya bayan zangarniya. Daminar bara ba ta yi kyau ba, abin da ya rage a rumbu ƙanana ne, ƙwari sun fara ci. Mijinta Saleh yana Jos wajen haƙar kuza. In aka daka damin nan, gonar hanyar Gadau ta tashi a banza, ga shi da kaka za a yaye Ummi, kuma yaron yaye kunu yake sha, ba labarin Bama ba.

Tun da aka kawo ta gidan, maganarta da Malam ba ta taɓa wuce gaisuwa a durƙushe ba. Amma kunyar da ta ɗaure mata baki ta ɗaure masa ƙafa shi ma: suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa. Da safe, yana fita, ta taka turmi ta kwance damin, ta kai ɗakinta ta rataye shi a azara, daidai saman gadon da Ummi ke kwana.

Da hantsi ya dawo ya tarar da turmi a kife. Ya Gana ta nuna masa ɗakin da haɓa. Ya matsa, ya tsaya nesa da asabarin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Ya Gana, gaya wa yarinyar nan ta fito da geron."

Daga ciki Saudatu ta yi magana, ba da shi ba, da 'yarta.

"Ummi, gaya wa angonki ba za a fito da shi ba."

Ya Gana ta rufe baki da gefen zane. Malam ya dubi asabarin, kamar bai yarda daga ɗakin muryar ta fito ba.

"Gaya mata gerona ne, a gonata ya fito."

"Ummi, gaya masa nasa ne, gonarsa kuma zai koma. Ki gaya masa jiya ya tashi da wuri. Bayan wutar, mutanen sun sami ƙasa mai kyau a bakin kogi, ga ruwa, ga hannuwa, babu abin shukawa. Akwai wata mata tana tona tokar rumbu da yatsa tana neman ƙwaya ɗaya. Shi wutar ya ji, ni matar na ji."

"Gaya mata ba ta san abin da na gani ba."

"Ummi, ban sani ba, kuma ban ƙaryata shi ba. In sadaka ce, ga akuyar da innata ta ba ni, a yanka yau. In wutar za ta zo, ta zo ta tarar da shukarmu a ƙasa. In ba ta zo ba, ke me za ki sha?"

Malam ya juya ga matarsa.

"Ke shiga ki ɗauko."

"Da wace gwiwar zan taka gado? Ka manta jiya kai ka shafa mini man?"

Ummi ta rarrafo ta ɗaga asabarin, ta kama ƙafar wandonsa. Ya sunkuya ya ɗauke ta.

"Amarya, ke ma da ke aka haɗa baki?"

Ya fita da ita a kafaɗa. An yanka akuyar da azahar, aka raba wa maƙwabta. Saudatu ta ji kukanta daga ɗaki, ta ci gaba da ninke zannuwa. Malam ya daina amsa gaisuwarta sai da kai. Ita kuma ba ta fasa durƙusawa ba, ba ta kuma sauko da damin ba. Ko rijiya za ta, sai ta kulle ɗakin da kwaɗo.

Da ruwan shuka ya sauka, ta sussuke geron a ƙofar ɗakinta ta mayar ciki. Da sassafe ta ji gyaran murya a bayan asabari, da ƙarar sungumi a ƙasa. Ta cika ƙoƙo ta miƙa wa Ya Gana.

"Ƙoƙo ɗaya?" in ji Malam. "Gaya mata gonar ba tabarma ba ce."

Saudatu ta gyara goyo.

"Ummi, gaya masa in wannan ya shiga ƙasa, a dawo da ƙoƙon a karɓi wani."