Allurar Ƙarfe Kafin Tsere

Duk shekara idan ganyen tsaunuka ya fara ja, Malam Tsurumi yakan cika motar makaranta da 'yan matan ƙungiyar gudu, ya kawo su asibitin Kuwabara a yi musu allurar sinadarin ƙarfe a jijiya. Tsohon likitan ba ya tambaya. Yakan ja fatar idon yarinya ya leƙa, ya ce jini ya yi ƙasa, ya soka. Bana tsohon ya rasu. 'Yarsa Mitsue ce a kan kujerarsa, ita kuma ta ce ba wadda za ta soka wa allura sai ta ga sakamakon gwajin jini.

Tsurumi ya haƙura da sauran, amma ban da Chisato Hoshina. Ita ke gudun zangon farko, mafi tsawo, a tseren lardi na ranar Lahadi, wanda masu gudu ke miƙa wa juna ɗamara zango-zango, kuma masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su zo kallo. Tun bazara gudunta ke ja da baya. A ganinsa maganin ba ya wuce allura.

Ranar da sakamako ya fito, Tsurumi da Chisato suka zo tare. Uwar yarinyar tana aiki a kamfanin kifin gwangwani, ta bar komai a hannun Malam. Mitsue ta nuna masa kujera, ya ƙi zama.

Ta ce masa gaskiya ne jinin Chisato ya yi ƙasa, amma ƙarancin jini ba iri ɗaya ba ne. Idan ƙarfe ne babu, jajayen ƙwayoyin jini kan fito ƙanana, launinsu a koɗe. Idan wasu bitamin ne babu, sukan kumbura su wuce girmansu. Na Chisato daidai suke a girma da launi, yawa ne kawai ba su da shi. Fararen ƙwayoyin ma sun ragu, sababbin da ɓargo ke fitarwa kuma 'yan kaɗan ne. Ƙarfen da jikinta ya ajiye ya ninka abin da ake so sau da yawa, har hanta ta fara nuna alamar wahala.

"To me take nema?" in ji Tsurumi.

"Abinci."

Ta juya ga yarinyar ta tambaye ta abin da take ci. Tsurumi ne ya amsa, ya ce abin da mai gudu ke ci. Mitsue ta sake tambaya ba tare da ta dube shi ba. Da ƙyar ta samu amsa: rabin kwanon shinkafa, miyar waken suya da ake kira miso, ɗan kifi da dare. Kowace safiya ana hawa sikeli a gaban ƙungiya, a faɗi nauyin kowa da ƙarfi. Al'adarta ta ɗauke tun bara, kuma a ƙungiyar ana ɗaukar haka alamar yarinya ta dage.

Tsurumi ya yi dariyar da ba ta kai zuci ba.

"Mitsue, tun kina goya jakar firamare nake kai 'yan mata gasar ƙasa. Babanki da ido yake gane ƙarancin jini, ba ya buƙatar na'ura ta gaya masa."

"Shi ya sa ƙarfen babana ya cika hantar yarinyar nan, Malam."

Ya ce bai zo jin lacca ba. Ya tuna mata cewa wannan asibitin ke duba lafiyar ɗaliban makarantar gaba ɗaya, kuma shugaban makarantar abokin shan shayinsa ne. Ta ce ta sani.

Mitsue ta yi zaton ko ba komai yarinyar za ta tsorata da maganar hanta. Sai ta ga ta naɗe hannun rigarta ta ɗora damtsen a kan tebur.

"Likita, kin taɓa gudu?"

"Ban taɓa ba."

"To ki yi min allurar. Hantar tawa ce."

Mitsue ta ce ba za ta yi ba, kuma ba ta yarda ta yi tseren Lahadi ba. Tsurumi ya ce ai ba ita kaɗai ce likita a garin ba, akwai Makabe a ƙetaren kogi. Suka fita ba sallama.

Mitsue ta fara kiran uwar yarinyar a waya, aka ce tana kan aiki, ba a fita sai an tashi. Sai ta kira Makabe, tsohon abokin babanta. Ya saurare ta, ya ce ba ya son yara su riƙa koya masa aiki, ga motar makarantar ma tana shigowa harabarsa. Ta karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na ƙarfen ajiya ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Ba zan yi ba," in ji shi. "Amma ki sani da sunanki zan ƙi, ba da nawa ba."

Haka kuwa aka yi. Kafin Asabar Tsurumi ya cire Chisato ya sa wata 'yar aji ɗaya a zangon farko, ya gaya wa iyaye cewa sabuwar likita ce ta hana. Makarantar ta zo ta shida. Cikin makon aka sanar da Mitsue cewa daga baɗi wani asibiti zai riƙa duba ɗalibai.

Ranar Laraba uwar ta kawo Chisato, da takalmin robar kamfani a ƙafarta. Ita ma ba ta gaisa da kyau ba. Ta ce jami'ar da ta yi musu alkawarin karatu kyauta ta daina ɗaga waya. Mitsue ta bayyana musu abin da za a yi: cikakken abinci sau uku, ba gudu, ba ƙwayar ƙarfe ko ɗaya, a sake gwaji bayan wata guda.

Chisato tana kallon bango har likitar ta gama.

"Shinkafar ce za ta kai ni jami'a?"

"Ban sani ba," in ji Mitsue. "Ɓargonki dai ita yake jira."

Uwar ta tambayi ko ana iya zuwa gwajin ranar Asabar, don kada a yanke mata albashi. Mitsue ta ce ana iya.