Hular Kwanon da Baba Ya Ɗinke

Kwana uku da faɗuwar Baba daga kan keke, Auta ta kai masa abinci rumfarsa ta gyaran takalma. Ta tarar ya matse hular kwanonsa tsakanin gwiwoyi yana zura mata basilla.

"Baba, me nake gani haka?"

"Aiki kike gani."

Hular ta tsage ne tun daga goshi har tsakiyar ka, ranar da tayar gaba ta faɗa rami ya tafi da ka ya bugi gefen titi. Shi dai ya tashi da kurjewa a kafaɗa da ɗan jiri. Yanzu ya cika tsagar da gam, ya bi ta da ɗinki layi biyu, har ya goga mata man takalmi tana sheƙi. Gobe yake son komawa hawan keke, ta babban titin da manyan motoci ke bi.

"A gabanka fa nas ta ce a asibiti a jefar da ita. Ta ce bugu ɗaya irin wannan hular take ɗauka."

"Nas ta san allura, ni na san gam. Shekara talatin ba a taɓa dawo mini da aiki ya ɓalle ba."

"Takalmi ke nan, Baba! Maganar kanka ake yi!"

"Ai hular ce ragguwa. Faɗuwa ɗaya ta dare. Yanzu ta fi sabuwa ƙarfi."

"Da ba ta dare ba, me zai dare?"

Ya yi kamar da bango take, ya ja zare ya datse da haƙori. Takaici ya cika Auta. Mama ta yi magana ta gaji, Yaya ya kira a waya har sau biyu, duk ya bi su da dariya.

Ta zauna a bencin masu jira, ta zare silifas ɗinta ta miƙa masa. "To duba mini wannan, dunduniya na min ciwo."

Bai ko ɗago ba ya danna babban yatsa a diddigen. "Soson ya mutu. Ko me za a yi masa ba ya tashi. Sai dai sabo."

"Ko da gam?"

"Ke, gam na tayar da mataccen soso ne?"

Ta fizgi hular, ta juya cikinta sama, ta kama yatsan nasa ta ɗora a ƙeyar hular. Farin soson da ke ciki yana nan da kaurinsa. Ta ja yatsan zuwa goshi, inda ya bugu. Nan ya lotsa, ya daskare kamar katako.

Baba ya danna, ya sake dannawa. Ya shafa goshinsa.

"Wannan yarinya, da takalminki kika zo kama ni?"

"Gobe a ƙafa za ka zo, ko a mota, har a samo wata."

Ya ja tsaki, ya ɗauki wuƙar aiki ya yanke maɗaurin hular, ya jefa shi akwatin tarkace.

"Wannan dai ƙalau yake, zai yi wa wani sandal. Ɗauke sauran daga gabana kafin in canza ra'ayi."